Idan Rago Ya Juya wa Daro Baya

Gwaggota da ke Birnin Ƙonni ba ta gaisawa da kowa da safe sai ta fara leƙa turkenta. Tana sallame sallar asuba za ta ɗauki tocila ta nufi rumfar da ragunanta suke kwana, kuma ƙasa take fara haskawa kafin ta haska ragon. Tana duba kashin da ya yi cikin dare, ko ƙwaya-ƙwaya ne a warwatse, ko ya dunƙule, ko ya saki. Tana duba inda ya yi fitsari, ta ga ko ƙasar ta jiƙe sharkaf ko ɗigo ne kawai. Daga nan ta leƙa daro ta ga abin da ya rage na jiya, ta tsoma yatsa a bokitin ruwa. A ƙarshe ne take ɗaga fitila ta dubi idonsa da kunnuwansa. Duk wannan bai kai minti uku ba. Na daɗe ina ganin tana yi ina ɗauka sabo ne kawai, sai daga baya na gane karatu take yi, kuma karatun ya fi wanda da yawa daga cikinmu muka yi a kan benci wuya.

Turkar rago tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa, Galmi, ka bi hanyar Tawa ta Gidan Idar har Badagishiri da Illela, da wuya ka shiga gida ba ka ji kukan tunkiya ba. Maza da yawa na Adar da ƙasar Ƙonni suna tafiya ci-rani da zarar an kai amfanin gona gida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Mata ke zama da yara da bisashe. Mace takan ɗauki kuɗin adashi, ko rance daga asusun ƙungiya irin ta Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ta kuma bazu cikin ƙasa, ta aika a sawo mata ramammen rago a kasuwar Gidan Idar ko ta Badagishiri. Ta ɗaure shi wata uku, wata huɗu, wani lokaci fiye, tana jiran Babbar Sallah. A jikin ragon nan kayan ɗakin ɗiyarta suke, da hatsin da za a ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Saboda haka ranar da ya sunkuya ya shinshina daro ya ɗaga kai ya juya, gaban mai shi yakan faɗi.

Ciyar da ragon da ke cin abinci kowa ya iya, yaro ma ya iya. Gwanintar tana bayyana ne ranar da ya ƙi. Abin da na lura da shi wajen gwanayen matan nan shi ne ba su ɗauki ƙin ci a matsayin cuta guda ba. Suna ɗaukarsa kamar kukan jariri: sauti ɗaya ne, amma dalilansa sun kai goma, kuma maganin wani dalilin guba ne ga wani. Aikin farko shi ne a rarrabe.

Wata shekara gwaggo ta sa aka sawo mata wani Uda, irin tumakin Fulani masu launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari fat kamar an raba da zare. Dogo ne, ƙashi mai kyau, sai dai ramamme. Aka jiƙa masa dusa ya ƙi kallonta. Washegari ma haka. Sai kuka yake yi yana fizgar igiya. Babban ɗanta ya damu, ya ce: "Inna, ragon nan ba shi da lafiya. In je kasuwa in sawo allura?" Ta ce: "Dakata, ɗana. Dubi zanar can." Ashe ragon da ya ƙi dusa yana ta zarar busasshiyar ciyawa daga jikin zanar rumfa yana ci. Ta ce: "Wanda ke cin zana ba ciwo gare shi ba. Baƙunta ce." Ta aika maƙwabta aka aro mata wata tsohuwar tunkiya da ta saba da daro, aka ɗaure ta inda zai gan ta amma ba zai kai gare ta ba. Ta janye dusar, ta zuba masa busasshiyar ciyawa irin wadda ya sani a daji, ta barbaɗa ɗan gishiri. A kwana na uku ya daina kuka. Kafin mako ya zagayo yana miƙa wuya yana lasar bakin daron tunkiyar, sannan ta fara sa masa dusa tafin hannu guda.

Abin da ta gane da ido, masu binciken halayyar dabbobi sun tabbatar da shi. Tunkiya dabbar garke ce, kaɗaici yana firgita ta, kuma tana tsoron abincin da ba ta taɓa gani ba. Ɗan tunkiyar da ya ga uwarsa tana cin hatsi yakan karɓe shi da sauƙi ko bayan dogon lokaci, wanda bai gani ba kuwa sai ya tsaya yana kallo. Ragon da ya tashi yana bin makiyayi daga Azawak zuwa kudu bai san dusa abinci ce ba. Kuma ba ƙaramar matsala ba ce ko a wajen masu manyan jari. Cikin tumakin da aka daɗe ana lodawa a jiragen ruwa daga Ostareliya zuwa ƙasashen Larabawa, ɗaya daga cikin manyan dalilan mutuwa shi ne wasu sukan ƙi cin abincin injin da ake zuba musu, su yi ta ramewa alhali kwami cike yake a gabansu. Abin da kamfanoni suka kashe kuɗi suna nazari a kansa, gwaggo ta warware nata da tunkiyar aro.

Tambayar da take fara yi a kan kowane ragon da aka ce ya ƙi ci ita ce: yana tuƙa? A nan duk ilimin ya rataya. Cikin rago ɗaki huɗu ne, kuma mafi girmansu, tumbi, kamar randar tsimi yake. Cike yake da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke narkar da kara da ciyawa su mai da su abin da jiki zai amfana da shi. Wato mai kiwo tumbin take ciyarwa, tumbin kuma ya ciyar da rago. Lafiyayyen rago yakan kwashe sa'o'i da dama kowace rana a kwance yana dawo da abin da ya haɗiye yana sake taunawa, kuma yawun da yake haɗiya da shi yana kashe tsamin da ke taruwa a ciki. Idan ka ɗora tafin hannu a kwiɓinsa na hagu, cikin ramin da ke bayan haƙarƙari, za ka ji tumbin yana juyawa kamar sau ɗaya ko biyu a minti, yana kumbura yana saki. Matan nan ba sa ƙirgawa da agogo, amma hannunsu ya san bambancin cikin da ke aiki da wanda ya yi shiru. Rago mai tuƙa, ko ya ƙi daro, akwai sauran lokaci. Wanda ya daina tuƙa kuma tumbinsa ya tsaya, ba a kwana da shi a haka.

Wannan ya tuna mini da wani kiwo na can wata duniya. A Turai da Amurka akwai masu ajiye wani ƙaton gizo-gizo mai gashi a cikin akwatin gilashi, ana ce masa tarantula, suna ba shi gyare da kyankyaso. Macen wasu nau'o'insa tana haura shekara 20 a raye. Babban abin da ke tayar wa sabon mai kiwonsa hankali shi ne ƙin ci, domin wani nau'in da ake kawowa daga ƙasar Chile yakan yi watanni bai taɓa komai ba, kuma lafiyarsa lau. Galibi shirin saɓa yake yi. Idan lokacin ya zo sai ya kwanta rigingine kamar mushe, ya fita daga tsohuwar fatarsa, ya yi kwanaki jikinsa da fiƙoƙinsa suna da taushi. Gyaren da aka bar masa a lokacin yana iya cizonsa ya raunata shi. Don haka ƙwararru a can sukan cire abincin da ya kwana ba a ci ba, su bar masa ruwa kawai, su riƙa duban ƙunzugunsa: muddin a cike yake, ba a taɓa shi. Gizo-gizo jikinsa ba ya ƙona abinci da sauri, yana iya jira. Tumbin rago kuwa idan ya yi kwana biyu babu abin da ya shiga, ƙwayoyin da ke cikinsa sun fara mutuwa. Haƙurin mai gizo na watanni ne, na mai rago na sa'o'i. Amma dukansu abu guda suke koya da wuya, wato hana hannunsu gaggawar tura abinci ga dabbar da ba ta nema ba.

Mafi yawan ragunan da ke lalacewa a turke ƙauna ce ke lalata su. Mai shi yana son ya ga ƙiba kafin Sallah, sai ya cika daro da dusar gero ko ta alkama, ya ƙara tsaki, ya zuba ragowar tuwo da shinkafar biki. Ko kuma rago ya kwance cikin dare ya faɗa wa buhun hatsi. Hatsi mai yawa farat ɗaya yana sa tumbi ya yi tsami fiye da kima, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su mutu, ruwan jiki ya taru a ciki. Washegari sai ka ga rago a tsaye kai a sunkuye, yana cizon haƙora, kashinsa ya saki yana warin tsami, in ka girgiza cikinsa ka ji ruwa yana ƙara. Marar sani sai ya ce bai ci ba tun jiya, bari in ƙara masa dusa mai daɗi. Gwana kuwa takan kife daron gaba ɗaya. Ta ba shi busasshiyar ciyawa ko karan dawa, abin da zai tilasta masa tauna da zubar da yawu. Ta jiƙa ƴar kanwa a ruwa ta ba shi. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin da ke cikin kanwa ba, amma danginsa ne likitan dabbobi ke bayarwa don kashe tsamin tumbi, kuma shi ne ke cikin yawun ragon kansa. Idan abin ya yi nisa har rago ya kwanta ya kasa tashi, kanwa ba ta isa, sai likita. Likitoci ma suna da wata dabara mai ban sha'awa ta farfaɗo da tumbin da ya mutu: a samo ruwan tumbin lafiyayyar dabbar da aka yanka yanzu-yanzu a mahauta, a tace, a ba majinyacin da ɗuminsa, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta kama.

Shi ya sa wadda ta san aikinta ba ta sauya wa rago abinci dare ɗaya. Tumbi yana bukatar mako biyu zuwa uku kafin ya saba da sabon abu. Tafin hannu guda yau, biyu bayan kwana uku, a hankali har a kai mudun da ake so. Kuma kullum harawa ce a gaba, dusa a baya. Gwaggo takan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, ma'ana sai an shimfiɗa ciyawa a tumbi kafin a ɗora masa hatsi.

Harawar kanta akwai ilimi a cikinta. Ta wake da aka yanke da sauran ganye kore, aka shanya a inuwa ko aka ɗora bisa rufin ɗaki da reshen itace, rago ba ya mai da ta. Wadda ruwan ƙarshen damina ya doka ta yi baƙi ta yi fumfuna, zai shinshina ya bar ta, kuma gaskiyarsa. Akwai harawar gyaɗa, akwai ɓawon wake, akwai ganyen dankali daga lambunan fadamar Magiya da filayen noman rani na Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. Akwai angurya da tunkuza ga mai hali. Sai kuma ƴaƴan gawo. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuma ƴaƴansa suna faɗowa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Yara kan tsinto su a gonaki. Ban taɓa ganin lafiyayyen ragon da ya ƙi su ba, shi ya sa gwaggo ke ɓoye ɗan ƙunshi a ɗaki don gwaji. Idan rago ya ƙi dusa ya karɓi gawo, laifin yana daro. Idan ya ƙi gawo ma, to laifin yana jikinsa.

Laifin daro yana da yawa kuma sauƙin gyara gare shi. Jiƙaƙƙiyar dusa da ta wuni cikin zafi takan yi tsami. Daron da ba a wanke ba, ko wanda kaji suka taka suka yi kashi a ciki, rago yana ƙyamarsa fiye da yadda mutane ke zato. Haka ruwa: wanda ya saba da na rijiya yakan yi jinkirin karɓar na famfo, kuma ragon da bai sha ba ba zai ci busasshen abinci ba. Nan ne ƙasari ke da amfani, ruwan wankin surfe da ke ɗauke da ɗan gardin hatsi, wanda ke jan dabba ta sha da yawa. Ga kuma zafi. Kalandar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka Sallar layya ta faɗo ƙarshen Yuni a 2023, tsakiyarsa a 2024, farkonsa a 2025. Wato a shekarun nan turka tana ratsa tsakiyar bazara, watannin Afrilu da Mayu da zafin Ƙonni ke wuce digiri 40, harawa ta yi tsada, kara ya ƙare. Da tsakar rana rago ba abin da yake so sai inuwa da haki. Masu dabara sun mai da babban ciyarwa zuwa asuba da bayan isha, sun ƙara wa rumfa tsayi don iska ta ratsa, suna yayyafa ruwa a ƙasa. Balami, farin ƙaton nan mai lanƙwasasshen hanci da dogayen kunnuwa wanda ya fi kowane rago daraja a kasuwannin yankin, shi ya fi kowa shagwaɓa a wannan fanni, kuma shi ne asararsa ta fi ciwo.

Wani lokaci kuma bakin ne. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, na ƙasa ne ke yanka. Tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi yakan zubar da biyun tsakiya na nono ya fito da manya, kuma daidai shekarun da ake sayensa don turka ke nan. A kwanakin famfarar yakan rage ci, ya riƙa zaɓen mai laushi. Gwana tana buɗe leɓensa ta gani, ta jiƙa masa abincin ta bar shi, ya wuce da kansa. Da wannan buɗe bakin ne take ganin ƙaya ko ƙarangiyar da ta maƙale a dasashi, da ƙurajen da kan fito a gefen leɓe. Ta kan kuma ja fatar idonsa ta ƙasa. Ja mai kyau alamar jini ce. Idan ta yi fari kamar takarda, ga kuma kumburi mai laushi ƙarƙashin haɓa, tsutsar ciki ko ta hanta ta sha jininsa, musamman in ya fito daga wuraren fadama da tabki. Saboda haka da yawa sukan ba sabon rago maganin tsutsa tun makon farko, kafin su ɓata dusarsu wajen ciyar da tsutsa.

Akwai ciwon da ya fi ba ni tausayi, domin yana kama ragon da aka fi kula da shi. Dusa tana da wani sinadari mai yawa da ke taruwa ya zama tsakuwa a mafitsara, kuma hanyar fitsarin rago doguwa ce siririya, tana da ɗan tsinke a ƙarshe inda tsakuwar ke maƙalewa. Sai ka ga ƙosasshen rago ya bar ci, yana miƙe jiki, yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa, yana yunƙuri ba abin da ke fita sai ɗigo. Mutane da yawa sukan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su yi ta ɗura masa mai da jiƙo har mafitsara ta fashe. Dalilin da gwaggo ke haska wurin fitsari kowace asuba ke nan. In ta ga ƙasa a bushe, ba ta jiƙa komai, sai ta sa a kira malamin dabbobi nan take, domin aikin wuƙa ne na wanda ya koya. Rigakafinsa kuwa yana hannunta: harawar wake da ta gyaɗa da yawa, dusa daidai gwargwado, gishiri don ya sha ruwa, kuma kada a mai da kanwa abin kullum, domin yawanta yana taimaka wa tsakuwar.

Kumburin ciki shi ba ya ba da lokacin tunani. Ɗanyar ciyawar farkon damina, ko ɗanyen ganyen wake da aka ci da raɓa, sukan sa iska ta taru, kwiɓin hagu ya tashi ya yi tauri kamar ganga. Ana tsayar da ragon gabansa ya fi bayansa tudu, a murza kwiɓin, a ba shi ɗan man gyaɗa. Gyauron dawa ya fi wannan muni, domin ɗanyen tohonta yana ɗauke da guba mai kashewa cikin ɗan lokaci, kuma duk ɗan manomi ya san ba a barin bisa ta kusance shi. A wajen ɗura ma ake gane hannun da ya ƙware. Ba a ɗaga kan rago sama, ba a riƙe harshensa. Ana sa bakin kwalba ta gefen baki, a zuba kaɗan, a jira ya haɗiye. Wanda ya yi gaggawa ya tura ruwan cikin huhu, ragon da zai warke da kansa sai ya mutu da ciwon da mai shi ya sa masa.

Sai leda. Wannan kam yana ɓata mini rai, domin babu gwanintar da ke maganinta. Tunkiyar da ta tashi tana yawo a bola tana haɗiye ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, ledar ta taru ta murɗe a tumbi ta zama dunƙule. Dabbar tana ci kaɗan ta bari, ciki ya yi girma, jiki yana ramewa, kuma duk mahaucin yankin ya sha fiddo irin wannan dunƙulen. Nijar ta kafa doka tun 2014 da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma wanda ya bi bayan kowace kasuwa ya ga yadda take rataye a ƙaya ya san sauran aiki. Abin da gwana ke iyawa shi ne kada ta saya. Shi ya sa take son a lalubi cikin ragon da hannu biyu tun a kasuwa, a kuma tambayi dillali ko na daji ne ko na gari, ko da yake amsar dillali sai an haɗa da ido.

Abin da ya ƙara mini girmama matan nan shi ne sun san iyakarsu. Idan rago ya bar ci, kunnuwansa da bakinsa suka yi zafi, ido da hanci suna zubar da ruwa, baki ya yi gyambo yana wari, zawo ya biyo baya, wannan ba aikin kanwa ba ne. Alamun annobar tumaki da awaki ce, wadda aka fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942, kuma hukumomin duniya suka yi alkawari a Abijan a 2015 cewa za a kawar da ita nan da 2030. Ba ta da magani, allurar rigakafi ce kawai, wadda ma'aikatan kiwo ke zagayawa da ita kowace shekara. Kasuwa ce babbar hanyar yaɗuwarta, don haka sabon rago ba ya haɗa daro da na gida sai ya yi kwanaki a gefe ana kallonsa. Ko tunkiyar aron da na ambata, nesa da numfashin Udan aka fara ɗaure ta. A ganina babbar barazana ga wannan ilimi ita ce allurar da ake sayarwa a faranti cikin rana, wadda kowa ke saya ya soka ba tare da sanin ciwon ba. Tana rufe alamun da ya kamata a karanta, kuma wasu magungunan sukan yi makonni a cikin nama. Ragon da aka yi wa irin wannan allura ana jibi Sallah, iyali ne za su cinye sauran maganin a soye.

Addini ma ya ɗora nauyi a kan aikin. Dabbar layya ba ta zama mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiyar da ciwonta ya bayyana, ko ramammiyar da ba ta da kitse. Mai turka ta san idan ragonta ya faɗi mako biyu kafin Sallah, ba farashi kaɗai ya faɗi ba, ya fita daga sahun abin da ake nema gaba ɗaya. Ga kasuwar ma ba ta da tabbas. Illelar Sakkwato tana ƴan kilomitoci kaɗan daga Ƙonni, kuma ragunan yankin da yawa can suka saba bi su gangara har Legas. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna wa kowa yadda hanyar ke iya toshewa dare ɗaya. Iyaka da canjin naira da sefa ba su hannun gwaggo. Abin da ke hannunta shi ne ragon ya kai ranar a tsaye, gashinsa yana sheƙi.

Shekarar Udan nan, wani ɗan kasuwa ne ya zo har gida ya saye shi ana saura kwana biyar Sallah. Bayan an yi ciniki an sallama, yaransa sun kama igiya, sai gwaggo ta ce su dakata. Ta shiga ta fito da ƙullin harawar wake da dusa a ƙaramin buhu, har da gwangwanin da take aunawa da shi. Ta ce: "Alhaji, ga abin da ya saba. Gwangwani biyu da safe, biyu da dare, bayan ya ci harawa. Kada yara su ba shi shinkafa don murna. In kun isa ku ɗaure shi inda zai ga ɗan'uwansa." Alhajin ya ce: "To, Hajiya, in ya ƙi ci fa?" Ta ce: "Ka tashi da dare ka saurara. In ka ji yana tuƙa, koma ka kwanta."